Ɗan aiken da ya kawo cinikin Apple na shekarar da ba a tambaya ba

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini maganar, wata Asabar bayan la'asar, kwamfuta a hammata. Shi rubuta manhaja ne sana'arsa, ni kuwa na tsufa a kan duba littattafan kuɗi na kamfanoni. Ya ce ya haɗa wani kayan aiki da zai ba ƙirƙirarriyar basira, wato AI, damar ɗauko alƙaluman kuɗi na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Amurka, saboda abokansa masu sayen hannun jarin can ta waya su riƙa tambaya da bakinsu ana ba su amsa. "Kawu, komai na tafiya daidai," in ji shi. "Ido kawai nake so ka sa min a kan lambobin."

Na ce to, tambaye ta cinikin da Apple ya yi a 2023. Ya buga. Nan da nan amsa ta fito tsaf: dala biliyan 365.817, har da cewa an samo ta ne daga rahoton shekara da kamfanin ya shigar a watan Nuwamba 2023. Yaro ya kalle ni yana murmushi. Lambar ta Apple ce, ba ƙirƙira ba ce, kuma tana cikin rahoton da aka ambata ɗin. Sai dai cinikin 2021 ne. Na 2023 dala biliyan 383.285 ne. Tsakaninsu akwai fiye da biliyan 17, ga shi babu ko ɗigo a allon da zai sa mutum ya yi shakka.

Ya fara neman kuskure a cikin rubutun da ya gina manhajar da shi, bai samu ba. Ashe ciwon yana cikin 'yan layukan bayani da ya rubuta wa na'urar game da kayan aikin. Daga nan aikinmu ya tashi daga duba lissafi ya koma duba rubutu, kuma ya ci mana Asabar uku.

Abin da masu wannan harka ke kira wakilin AI, ni ɗan aike nake ce masa, don aikinsa ke nan. Ka ba shi saƙo, ya duba kayan aikin da aka jera masa, ya zaɓi ɗaya, ya cika guraben da ake buƙata, ya aika, ya karanta abin da ya dawo, ya kawo maka amsa. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu manhaja irin wannan hanya a Yunin 2023, sannan a Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda da shi yaron ya gina nasa. A wannan tsari kowane kayan aiki abu uku yake gabatar da kansa da su: suna, bayani a rubuce, da jerin guraben da za a cika. Iyakar abin da ɗan aiken ke gani ke nan kafin ya taɓa shi. Ba ya leƙa cikin manhajar, ba shi da abokin aiki a teburin gefe da zai ce wa, don Allah wannan gurbin me yake nufi. An ce matambayi ba ya ɓata. Wannan ɗan aike kuwa ya fi son ya cike giɓi da zato, kuma zatonsa da fuskar tabbas yake fitowa.

Bayanin da yaron ya rubuta da Turanci ne, ga ma'anarsa gaba ɗaya: "Yana ɗauko bayanan kuɗi na kamfani daga SEC. A ba shi kamfani, da abin da ake nema, da shekara." Shi ke nan. Gurabe uku, babu wanda aka yi wa ƙarin haske.

Rijiyar da yake ɗebo ruwa a ciki kuwa babba ce. SEC ita ce hukumar da ke sa ido a kan hada-hadar hannayen jari a Amurka, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin da ke kasuwa ke shigar mata da rahotanninsu ta rumbun EDGAR. Daga 2009 ta fara tilasta musu, manya da farko, su riƙa maƙala wa kowace lamba laƙabin da na'ura za ta iya karantawa, tsarin da ake kira XBRL. A 2021 ta buɗe ƙofofin data.sec.gov, inda manhaja za ta nemi waɗannan lambobi kai tsaye, kyauta, ba rajista ba mabuɗi. Ƙofa ɗaya tana ba da tarihin rahotannin kamfani, ɗaya tana ba da dukkan lambobinsa a dunƙule, ɗaya tana ba da laƙabi guda na kamfani guda, ta huɗu kuma tana jero laƙabi guda na dukkan kamfanoni a wani lokaci guda. Hukumar tana da shafin bayani a kan waɗannan ƙofofi, gajere, an rubuta shi don mai rubuta manhaja wanda zai buɗe fayil ya gani da idonsa. Mai irin wannan ido, in ya ga layi uku a shekara ɗaya, zai tsaya. Ɗan aikenmu bai tsaya ba.

Hanyar da muka bi ba ta da wani sirri. Na ce ya rufe rubutun manhajar kada ya ƙara kallonsa, mu zama kamar ɗan aiken: bayani kawai muke da shi. Ni na rubuta tambayoyin da na san amsarsu daga rahotannin kamfanonin da aka buga, shi kuma ya kunna wurin da ke nuna abin da ɗan aiken ya aika da abin da ya dawo masa. Duk inda amsa ta karkace, sai mu bi sawu har mu kai ga jimlar da ya kamata a ce tana cikin bayanin amma babu ita. Tun a zaman farko kurakuran suka rabu gida biyu, masu ihu da masu shiru.

Masu ihu ba su ba mu wahala ba. Kowane kamfani yana da lambar shaida a EDGAR da ake kira CIK, kuma ƙofofin suna buƙatar ta da lambobi goma cif, har da sifirorin gaba. Ta Apple 0000320193 ce. Amma fayil ɗin da hukumar ke haɗa gajeren sunan kamfani na kasuwa da lambarsa, 320193 yake rubutawa, ba sifiri. Ɗan aiken ya kwafa yadda ya gani, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya sake gwadawa. Haka nan hukumar tana buƙatar duk manhajar da ke ɗibar bayanai ta bayyana kanta da adireshin tuntuɓa, kuma kada ta wuce buƙata goma a daƙiƙa, in ba haka ba a rufe mata ƙofa na ɗan lokaci. Akwai kuma ɗan bambancin rubutu: ma'aunin dala a kan kowane hannun jari USD/shares ne a cikin bayanan da ke dawowa, amma USD-per-shares ne a adireshin ƙofa ta huɗu. Duk waɗannan in ka kuskure sai a dawo maka da saƙon ƙi, ka san ka yi ɓata. Yaron ya gyara su cikin manhajar kafin a kira magariba, kuma na ce masa kada ya ɓata ko layi ɗaya na bayani a kansu. Abin da na'ura za ta iya yi da kanta, kamar cika sifiri, ba a ɗora wa mai karatu.

Masu shirun su ne maganar. Bari in fara da wanda ya kawo mana biliyan 365.

Kowace lamba da ke dawowa tana zuwa da 'yan rakiya: ranar da lokacin ya fara, ranar da ya ƙare, adadin, lambar rahoton da aka ciro ta, nau'in fom, ranar da aka shigar, sai wasu gurabe biyu, fy da fp, gajerun sunayen Turanci na shekarar kuɗi da sashen shekara. Duk wanda ya ga fy zai ce shekarar kuɗi ta wannan lamba ce. Yaron haka ya ɗauka, ya sa manhajarsa ta tace da shi. Alhali fy shekarar rahoton ce, ba shekarar lambar ba. Rahoton shekara na kamfanin Amurka, fom 10-K, yakan kawo cinikin shekara uku a jere don a kwatanta. Saboda haka rahoton Apple na 2023 yana ɗauke da 365.817 na 2021, da 394.328 na 2022, da 383.285 na 2023, kuma dukansu ukun hatimi ɗaya aka buga musu: fy 2023. Duk akanta ya san wannan shafi mai ginshiƙi uku, ya san idonsa ginshiƙin bana zai nufa. Manhajar ta miƙa wa ɗan aiken layuka uku ba ta ce masa komai ba, ta ma cire ranakun farawa da ƙarewa wai don amsa ta yi gajarta. Da abin da ya rage a hannunsa, ko ni aka ba sai dai in yi canke.

Na daɗe a kan wannan wurin da yaron, don a nan ne na ga bai fahimci girman abin ba tukuna. Ya ce, "Kawu, ai sai in sa ta ɗauki na ƙarshe." Na ce ɗana, ɗaukar na ƙarshe ya gyara wannan tambaya, bai gyara gurbin ba. Gurbin da ka kira "shekara" har yanzu bai faɗi wace shekara yake nufi ba. Muka gwada Nvidia. Shekarar kuɗin wannan kamfani tana ƙarewa ne a Lahadin ƙarshe ta Janairu. Abin da shi ke kira shekarar 2023 ya ƙare ranar 29 ga Janairu 2023, cinikinsa dala biliyan 26.974, wato kusan duk watanninsa na 2022 ne. Abin da yake kira 2024 ya ƙare ranar 28 ga Janairu 2024, cinikinsa biliyan 60.922, kuma shi ne ya mamaye watannin 2023. To wanda ya tambaya "nawa Nvidia ya samu a 2023", wanne yake nufi? Ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau biyu, kuma kowanne za a iya kare shi. Mu nan mun saba da irin wannan: shekarar Hijira ta 1445 ta shigo a Yulin 2023 ta fita a Yulin 2024, kuma duk mai rubuta takardar yarjejeniya ya san sai ya faɗi wace kalanda yake bi. Apple nasa yana ƙarewa a Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, Microsoft ranar 30 ga Yuni, Walmart ranar 31 ga Janairu. Kalmar "shekara" ita kaɗai ba ta ɗauke wannan kaya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, yaron yana da kayan aiki na biyu na kwatanta kamfanoni, wanda ya jingina da ƙofa ta huɗu. Ita wannan ƙofa da kalandar yau da kullum take aiki: tana zaɓo wa kowane kamfani lambar da lokacinta ya fi dacewa da shekarar da aka nema, tana ɗaukar shekara a matsayin kwana 365 da sassaucin kwana 30, rubu'i kuma kwana 91 da sassaucin kwana 30. Kayan aiki biyu a jaka ɗaya, kowanne da gurbi mai suna "shekara", kowanne da ma'anarsa. A yi wa hukumar adalci, shafinta ya faɗi wannan ƙa'ida ƙarara, har ya ja kunnen mai amfani cewa kalandar kamfanoni ba ɗaya ba ce, ya lura da ranakun farawa da ƙarewa. Gargaɗin yana can. A hanya ya zube, lokacin da aka matse shafi guda ya koma layi biyu. Na lura yawancin abin da ya cije mu haka yake. Wanda ya gina kayan aiki a kan ƙofar ya karanta gargaɗin, ya gane, ya ajiye shi a kansa, ya manta cewa ɗan aiken ba ya cikin kansa.

Gurbi na biyu, "abin da ake nema", nasa ciwon daban ne. Yaron ya bar shi a buɗe, ɗan aiken ya rubuta duk laƙabin da ya ga dama. Matsalar ita ce ciniki ba laƙabi ɗaya gare shi ba. Akwai Revenues, akwai SalesRevenueNet na da, akwai kuma mai dogon suna, RevenueFromContractWithCustomerExcludingAssessedTax, wanda ya yaɗu bayan sabuwar ƙa'idar lissafin ciniki ta ASC 606 ta fara aiki a kan kamfanonin kasuwa daga 2018. Apple ya yi amfani da tsohon, daga baya ya koma sabon. Da muka tambayi cinikinsa na 2015, ɗan aiken ya nema da sabon laƙabi, bai sami komai ba, manhajar ta dawo masa da jaka babu kowa babu komai, shi kuma ya ce mana kamfanin bai bayyana cinikinsa na wannan shekara ba. Dala biliyan 233.715 na nan zaune a ƙarƙashin tsohon laƙabi. Wannan ya nuna mana cewa amsar da babu komai a cikinta ita ma rubutu ce da ake karantawa. In ba ka faɗa wa ɗan aiken dalilin da jaka ta dawo wayam ba, zai ƙirƙiro dalili da kansa. Muka sa manhajar, duk lokacin da ba ta samu ba, ta ce: wannan laƙabi ba shi da lamba a wannan lokaci ga wannan kamfani, ga laƙabobin ciniki da yake da su da shekarun da kowanne ya rufe. Wannan gyara ɗaya ya fi duk wani sakin layi da za mu iya ƙarawa a bayanin farko amfani, don yana zuwa ne daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin rijiyar kwata-kwata. Ƙofofin suna ba da lambobin da suka shafi kamfani gaba ɗayansa ne, masu laƙabi na bai-ɗaya. Ba sa ba da rabe-raben sassa, ba sa ba da laƙabin da kamfani ya ƙirƙira wa kansa. Shafin hukumar ya faɗi haka. Saboda haka cinikin iPhone, dala biliyan 200.583 a 2023, yana cikin rahoton Apple amma ba ya fitowa ta wannan hanya. Da aka tambayi ɗan aiken, sai ya kira kayan aikin, bai samu ba, ya kawo wata lamba daga abin da ya haddace tun lokacin horonsa, ya ajiye ta kusa da sunan SEC kamar daga can ta fito. A aikina na da, da ƙaramin akanta ya yi mini haka, ranar zai san ya yi. Bayani mai kyau dole ya faɗi inda iyakarsa take, da abin da za a yi in an iso iyakar.

Rubu'in shekara ma ya yi mana wasa. Rahoton rubu'i, fom 10-Q, yana kawo lamba biyu: ta watanni ukun, da ta jimilla tun farkon shekara. A rubu'i na uku na 2023 Apple ya yi cinikin biliyan 81.797, jimillar wata tara kuma 293.787, dukansu da hatimin rubu'i na uku. Sai ka duba tsawon kwanakin kafin ka san wanne ne wanne. Rahoton shige da ficen tsabar kuɗi kuwa jimillar kaɗai yake kawowa. Rubu'i na huɗu ba shi da 10-Q nasa sam, kuma tun 2021 hukumar ta sassauta wajibcin saka teburin rubu'i-rubu'i a rahoton shekara, saboda haka tsofaffin shekaru za ka iya samunsa, sababbi ka rasa. Ga ciniki abin da sauƙi: 383.285 a cire 293.787, saura 89.498, kuma shi ne abin da kamfanin ya sanar. Kada a manta kuma rubu'in farko na Apple daga Oktoba zuwa Disamba ne, lokacin da kowa ke ce wa rubu'i na huɗu.

Tambayar da ta fi ba ni daɗi ita ce ta ribar kowane hannun jari na Apple a 2019. Amsa biyu suka dawo, 11.89 da 2.97, ranar farawa ɗaya, ranar ƙarewa ɗaya. Yaron ya ce lallai ɗaya kuskure ne. Ba kuskure. A ƙarshen Agustan 2020 kamfanin ya tsaga kowane hannun jari gida huɗu, rahotannin da suka biyo baya suka sake lissafa tsofaffin shekaru da sabon adadi. Wanda ke son sanin abin da aka sanar a lokacin, 11.89 yake nema. Wanda ke kwatanta 2019 da bana, 2.97 yake nema, in ba haka ba zai ga kamar ribar kamfanin ta rushe. Ƙofa ta huɗu wadda aka shigar daga baya take zaɓa, sauran kuma duka suke bayarwa. Dole mai kayan aiki ya yanke shawara wacce zai fifita, ya rubuta shawarar, ya bar hanyar neman ɗayar.

Abokan yaron 'yan Najeriya ne, na san ba za a daɗe ba wani zai tambayi Jumia, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019. Shi ba 10-K ya riƙa shigarwa ba, fom 20-F ne na kamfanonin waje, kuma da ƙa'idar lissafi ta IFRS, mai nata jerin laƙabobi daban. Manhajar ba ta ma leƙa wannan jeri. Bayan an gyara wannan sai wani ya ɓullo: kamfanin ya fara ba da rahoto da yuro, daga baya ya koma dala, manhajar kuma tana jefar da sunan kuɗin ta miƙa lamba tsirara. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya tambayo kuɗin gero, ya dawo ya ce maka "dubu biyu", bai ce mudu ba, bai ce tiya ba.

A Asabar ta uku muka zauna sake rubutu, a nan kuma muka yi gardama ta gaske. Shi da ya ga yawan ramukan, sai ya so ya zuba komai a cikin bayanin: shafin hukumar, darasin XBRL, tarihin ASC 606. Na hana. Shi da kansa ya gaya mini cewa bayanin kowane kayan aiki ana loda wa ɗan aiken shi ne a duk hira, yana cin wuri, yana cin kuɗi, kuma in kayan aiki sun yi yawa dogon bayani yana binne jimlar da ta fi muhimmanci. Sai muka kafa wa kanmu ma'auni: kowace jimla sai ta nuna wace amsar ƙarya take hanawa. Wadda ba ta hana komai, waje. Abin da za a iya kashewa a cikin manhaja, a kashe shi can. Gurbin fy muka ɓoye shi baki ɗaya, muka daina miƙa shi. Gurbin "abin da ake nema" muka rufe shi da zaɓi ƙididdigaggu, ciniki, riba, kadara, bashi da 'yan uwansu, manhajar ta riƙa nemo laƙabin da ya dace ta kuma faɗi wanda ta yi amfani da shi. Gurbin "shekara" muka tsaga shi biyu, ɗaya na shekarar kuɗi yadda kamfani ke kiranta, ɗaya na kalanda. Kowace lamba kuma ba ta fita sai da rakiyarta: ranar farawa, ranar ƙarewa, sunan kuɗi, fom, da ranar shigarwa. Ga ma'anar abin da ya rage a bayanin:

"Yana ɗauko lamba ɗaya ta kamfani gaba ɗayansa daga rahotannin da aka shigar wa SEC, daga wajajen 2009 zuwa yau. Ba ya ba da farashin hannun jari, hasashe, ko cinikin sashe kamar na kaya guda ko ƙasa guda. In an tambayi waɗannan, ka ce wannan kayan aiki ba shi da su, kada ka cike daga ƙwaƙwalwarka. Shekarar kuɗi ba lallai ta zo daidai da ta kalanda ba: in mai tambaya bai fayyace ba kuma shekarar kamfanin ba a Disamba take ƙarewa ba, ka faɗi ranakun lokacin a cikin amsarka. Lambar rubu'i ta watanni uku ce kaɗai. In an sake lissafa lamba daga baya, sabuwar ake bayarwa, tsohuwar tana gurbin da ke kusa da ita. Ka ambaci sunan kuɗin kullum."

Ya fi na farko tsawo sau da yawa, amma bai kai rabin shafi ba. Muka sake jero tambayoyin nan tun daga farko. Apple 2023 ya dawo 383.285, da ranakunsa. A kan Nvidia ɗan aiken ya kawo lambobin biyu, ya faɗi watannin da kowace ta rufe, ya tambayi wanne ake nufi. A kan iPhone ya ce ba shi da shi. Na gaya wa yaron ya ajiye tambayoyin da amsoshinsu a fayil, duk ranar da ya taɓa kalma ɗaya a bayanin ko ya sauya na'urar da ke karanta shi, ya sake gudanar da su, don jimlar da wannan na'ura ta gane yau ba tabbas waccan ta gane ta gobe.

Abu ɗaya ne muka bari a buɗe. Yaron ya sa manhajar ta riƙa fitar da rubu'i na huɗu ta hanyar cirewa, tunda ya ga ya yi aiki a kan ciniki. Na ce gwada a kan ribar kowane hannun jari. Apple a 2023 ya sanar da 1.88, 1.52 da 1.26 a rubu'i uku na farko, shekara gaba ɗaya 6.13. In ka haɗa ukun ka cire, 1.47 za ka samu. Abin da kamfanin ya sanar na rubu'i na huɗu 1.46 ne, domin adadin hannayen jarin da ake rabawa a kai yana sauyawa daga rubu'i zuwa rubu'i, musamman ga kamfanin da ke sayen nasa yana rage su. "Kawu, santi ɗaya ne fa," in ji shi. Na ce santi ɗaya ne, amma mutanen wannan kasuwa a kan santi ɗaya suke cewa kamfani ya cika alkawari ko ya gaza. Shi yana ganin a ba da 1.47 da alamar cewa lissafi ne ba sanarwa ba. Ni ina ganin a ce babu, a tura mutum ga sanarwar kamfanin. Ya rubuta duka biyun, ya bar maɓallin a kan nawa, ya ce sai ya ga abin da abokansa suka fi tambaya.